Mai Tsaron Ƙofar Inna a Omdurman

A shekarata ta biyu a Khartoum na samu uwa, kuma a cikin mota na same ta. Lokacin ina ɗaliba, na zo daga Katsina karatun Larabci, muna zaune a ɗakin kwanan 'yan mata can wajen Sahafa. Sojoji ke mulki, sukari sai da layi, burodi sai da layi, mu kuwa ba abin da ya dame mu sai jarrabawa da kewar tuwo. Wata Alhamis na shiga bas a Suk al-Arabi, wani ƙato ya taka mini ƙafa bai ko waiwayo ba. Na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Kai, wannan ko jaki!" Sai wata mata a gefena, naɗe cikin tob ruwan goro, wato mayafin matan Sudan, ta kwashe da dariya har tana dukan cinyata.

"Ke 'yar wane gari ce mai baki haka?"

Na saki baki ina kallonta. Hausa ce sosai, irin ta tsofaffi, da Larabci a tsattsarge a cikinta. Kakanninta ne suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su aikin Hajji, suka yada zango a Omdurman, zangon da ba a tashi ba har yau. Ranar ban isa inda na nufa ba. Gidanta ta wuce da ni, ta cika ni da abinci, ta ce daga yau in kira ta Inna.

Mutum huɗu ne a gidan. Ga Inna, ga 'yarta wadda take sa'ata, muka zama ƙawaye. Ga mijinta, Baba, dogo siriri mai kunya, wanda ke gasa tsire a kasuwa, abin da su ke kira agashe. Sai mahaifiyar Inna, tsohuwa ƙarama mai faɗa, wadda kowa a unguwar ke kira Habboba, wato kaka. Duk Alhamis ina can, sai Asabar in koma makaranta da ƙullin yaji.

Bayan kamar shekara guda Inna ta ji wani ƙulli a nononta. Ta ɓoye, ta ɓoye, har 'yarta ta gano ta ja ta asibiti. Aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki, aka ce saura allurai masu ƙarfi da za a riƙa ɗura mata ta jijiya lokaci-lokaci. Mun yi kuka a makon nan, ba zan ɓoye ba. Amma abin mamaki, in na tuna watannin da suka biyo baya, dariya ce ke fara zuwa mini.

Likitarta wata gajeriyar mata ce mai tabarau, mai magana da sauri. Sanyi ya fara shigowa, gari ya cika da mura. Ta tara mu, ni da ƙawata da Baba, a gaban gadon Inna, ta ce allurar nan tana kashe ciwo amma tana rage sojojin jini, masu kare jiki daga cuta. Murar da za ta sa wani atishawa kawai, ita tana iya kwantar da ita a asibiti.

Inna ta ɗago kai da ƙyar ta ce da Hausa, "Ikon Allah. Gari duk ya cika da sojoji, sai a jinina ne suka yi ƙaranci."

Ƙawata ta toshe baki da mayafi. Likita ta ce me ta ce, muka ce tana godiya ne.

Dokokin ba su da wuya a faɗa. Duk mai shiga wurinta ya wanke hannu da sabulu. Ba runguma. Mai tari ko atishawa kada ya kusance ta. A bar taga a buɗe, ƙoƙonta da cokalinta nata ne ita kaɗai. In jikinta ya yi zafi, ko kaɗan ne, a kawo ta nan take.

Wanda ya san dubiya a Sudan zai gane cewa abin da likita ta nema ya fi aikin tiyatar wuya. Can ba a gaida mara lafiya daga nesa. Mata ke zuwa gayya guda, kowacce ta faɗa jikinsa, ta dafa kafaɗa, ta rungume, ta yi kukanta, ta ce "kaffara", sannunsu ta mara lafiya, sannan ta zauna bakin gado sai an sha shayi. Ƙawata ta ce ita ba za ta iya tare gwaggwanninta a ƙofa ba, sai su tsine mata. Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Sai Inna ta nuna ni da haɓa.

"Ga wadda ta kira ƙato jaki a cikin bas. Ba ta san kowa ba, ba ta jin kunyar kowa. Ku ba ta ƙofar."

Hutun makaranta ya zo daidai, na tattaro kayana na tare a gidan. Aka ajiye mini kujera a zaure, da buta da sabulu da tasa. Ranar farko wata ƙanwar Baba, mace mai jiki da awarwaron zinariya, ta tsaya tana kallona daga sama har ƙasa.

"Ni zan wanke hannu? Ya bitti, ke 'yar nan, kin san ko ni wace ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo, shi ya sa aka ajiye ni nan." Na miƙa mata sabulu.

Ta wanke tana mita, ta shiga ta kai ƙarata. Na jiyo Inna tana cewa, "Ai kin ga halin 'yan Najeriya, ni ma tsoronta nake ji."

Masu mura su ne wahala, don ɓoyewa suke yi. Mace za ta ja tob ta rufe hanci, ta ce sanyi take ji. Sai na gano dabara. Duk wadda na yi shakka, sai in tambaye ta daga ina take. Mai lafiya za ta ce Omdurman. Wadda hancinta ya toshe kuwa sai ta ce "Obdurbad". Da na kama ta farko, sauran matan da ke bayanta suka zube ƙasa don dariya, ita kanta ta yi ta dariya tana share majina. Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa. Mata na isowa ƙofa, tun kafin sallama, kowacce za ta ɗaga murya ta ce, "Omdurman! Omdurman!" ta miƙo hannu a zuba mata ruwa.

Don kada a yi fushi da mu, muka jawo gadon Inna bakin taga, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Masu lafiya su zauna kusa da taga, masu atishawa can jikin katanga, su yi gaisuwarsu da ihu. Inna na kishingiɗe da ɗankwali a kanta, don gashin ya riga ya zube, tana ɗaga musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa samun irin wannan girma ba.

To, ba wadda ke zuwa hannu sake. Kowacce da maganinta, kowacce da rantsuwar cewa shi ya tashi wance daga gadon mutuwa. Wannan ta ce garad, waccan ta ce gongoles, wata ta ce aradeb, wata karkade. Ina jin sunayen ina jinjina kai, na ɗauka wasu asirai ne na bakin Nilu. Ran da na kwance ƙullin sai na ga garad bagaruwa ce, gongoles 'ya'yan kuka, aradeb tsamiya, karkade kuma zoborodo. Na zauna dirshan ina dariya. Na ƙetare ƙasashe na zo na tarar da kwandon kakata. Akwai kuma wasu garin magunguna baƙaƙe da jajaye waɗanda ko masu kawo su ba su san sunansu ba.

Habboba ta so a dafa duka a tukunya ɗaya a ɗura wa 'yarta. Ƙawata ta ce a'a, likita ta ce kada a ba ta komai sai ta gani. Aka zuba su a kwando, aka ɗora mini, na nufi Khartoum wurin likita.

A bakin gada sojoji suka tsayar da bas ɗinmu. A shekarun nan sukan shiga motoci suna neman samarin da ba su yi bautar ƙasa ba. Wani soja ya shigo, idanunsa jajur, hancinsa na zuba. Bai samu saurayi ba sai ya samu kwandona. Ya fara kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, ni kuwa sai na tuna takardata ta izinin zama a ƙasar tana makaranta. Ya kai hanci kan garin citta. Atishawar da ya yi sai da hularsa ta zame.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na ce, "Don Allah ka juya can, kayan mara lafiya ne!"

Sai wata tsohuwa a baya ta ce, "Gaskiyarta. Ya waladi, ɗana, da wannan murar kake tsaye a iska? Ina uwarka?" Shi ke nan, mata suka yi masa ca. Wannan ta ce ya kurkure maƙogwaro da garad, waccan ta ce ya sha lemon tsami da ruwan zafi, wata ta ce ya je ya kwanta, ya daina raba wa jama'a cuta mota-mota. Tsohuwar ta sa hannu a kwandona ta damƙo bagaruwa ta cusa masa a aljihu. Ya sauka yana cewa "hadir, hadir", wato to, to, kamar yaron da aka aika. Har muka ƙetare kogi direba na dukan sitiyari yana dariya.

Likita ba ta raina kwandon ba. Ta baje shi a kan tebur ta kasa kashi biyu. Citta ta ce a dafa kaɗan, Inna ta riƙa kurɓa in zuciyarta na tashi, tare da ƙwayar da aka ba ta, ba a madadinta ba. Zoborodo da kuka da tsamiya ta ce abin sha ne, a yi su da tafasasshen ruwa, kada a cika. Garin da ba a san asalinsa ba ta ture gefe. Ta hana ƙaho, ta ce jininta ba zai ɗauka ba. Ta hana hayaƙi. Ta ce a riƙa murza mata ƙafafu da man riɗi a hankali, amma a bar hannun gefen da aka yi aiki. Sannan ta ɗauki 'yar kuka guda ta jefa a baki ta ce, "Ku gaya mata duk wanda ya ce ta bar allura ta koma kwando, ku turo mini shi."

Kwanakin bayan kowace allura su ne masu nauyi. Inna ba ta son warin komai, ta ce ruwa ma ɗanɗanon ƙusa yake mata. Mukan yanka lemon tsami ta riƙe a hanci. Bakinta ya yi ƙuraje, tana kurkurewa da ruwan gishiri mai ɗumi. Ƙawata na riƙe da kofin citta, ni ina murza ƙafa, Habboba na gefe tana jan carbi tana gyara mana yadda ake murzawa. Wani lokaci Inna ta ce in yi mata waƙar 'yan matan garinmu, in yi da muryata mai kama da ta agwagwa, ta lumshe ido tana murmushi har barci ya ɗauke ta.

Sai wata safiya, muna karyawa, Habboba ta yi atishawa.

Kowa ya tsaya da loma a hannu. Ta ce yaji ne. Ta sake yi. Ƙawata ta dube ni, Baba ya dube ni. Na ce, "Habboba, daga ina kike?"

"Uwarki nake! Ni za ki tambaya a gidan 'yata?"

"Ki dai faɗa, Habboba."

Ta miƙe tsaye, ta gyara tob, ta cika ƙirji ta ce, "Obdurbad."

Baba ya tashi da gudu ya shige banɗaki don kada surukarsa ta ga yana dariya, amma muna jiyo shi. Haka aka kwashe tabarmarta da butarta zuwa gidan maƙwabta, tana tafe tana faɗa mini maganganun da ba zan rubuta ba. Ba ta yi nisa ba kuwa. Ta sa aka jingina mata turmi a bayan katanga, ta riƙa hawa tana leƙo kai, tana ba da umarni daga can. "Wannan cittar ta yi yawa! Ke 'yar Katsina, ƙafar mutum ce ba ƙullun fura ba!" Da ta warke ta dawo, da kanta ta tsaya a zaure ta miƙo mini hannu, ta ce in zuba, amma kada in kuskura in yi magana.

Ana cikin haka bayan Baba ya riƙe. Shekara da shekaru yana sunkuye kan wuta, ga zirga-zirgar asibiti, wata rana ya duƙa zai ɗauki buhun gawayi ya kasa miƙewa. Aka kai shi asibiti a karkace. Suka duba suka ce ba karaya, ba wani mugun abu. Ya sa ɗumi, ya riƙa 'yar tafiya, kada ya kwanta yini guda, ya kuma ɗaga teburin gashinsa sama.

Matan unguwa suka ji daɗi ƙwarai. Duk maganin da na hana su ba Inna sai suka juya shi kan Baba. Aka shafe shi da man riɗi, aka ɗaura masa hulba, aka ba shi jiƙe-jiƙe har ya fara ɓuya in ya ji sallama. Habboba ta ce duk wasa ne, maganin baya dukhan ne.

Dukhan wani rami ne a lungun tsakar gida. Ana sa itacen ƙamshi a ciki ya yi ta hayaƙi, mace ta zauna a kai ta lulluɓa da bargo mai kauri, ta yi gumi, jikinta ya kama ƙamshi. Na matan aure ne da amare. Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai hau ba. Habboba ta ce mijinta ma ya hau a zamaninsa. Inna ta leƙo ta taga ta ce, a sanyaye, "Malam, ni ana ɗura mini wuta a jijiya ban gudu ba." Nan take ya miƙa wuya.

Aka zaɓi bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga titi. Aka rufe tagar Inna saboda hayaƙi, ta manna fuska a jikin gilashi. Ni aka ce in tsare ƙofa kada ko kaza ta shigo. Na waiga sau ɗaya, na ga bargo kamar bukka, ga kan Baba a sama, da hularsa, idanunsa a rufe, gumi na bin gemunsa.

Sai ga ƙwanƙwasa. Abokinsa ne, mahaucin da ke kawo masa nama, ya zo dubiya.

"Yana ciki?"

"Yana ciki, amma ba ya nan."

Ya ɗaga kai ya ga hayaƙi na tashi ta saman katanga, ya ja hanci. "Masha Allah. Wa za a aurar a gidan?"

"Ba kowa."

Daga ciki sai muryar Habboba, wadda ba ta iya magana a hankali ba: "Malam, gyara zama! Ka bar hayaƙi yana fita ta gefe!"

Mahauci ya dube ni, na dube shi. Ya dafa bango, ya sulale ƙasa a hankali, kafaɗunsa na rawa, ba ya ko iya fitar da sauti.

Baba ya yi wanka har sau nawa, amma ƙamshin dukhan ba ya jin sabulu. Ya tafi la'asar masallaci, ya dawo fuska a murtuke. Ya ce mutumin da ke damansa a sahu sai matsowa yake, na hagu kuma da aka sallame ya riƙe hannunsa ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Inna ta yi dariya har ta riƙe wurin ɗinkinta tana cewa mu taimake ta. Hawaye na zuba, tana nuna shi, ta kasa magana. Da ta lafa sai ta ce, "Yunwa nake ji. A ba ni kisra, wainar dawar nan, da miyar kuɓewa." Rabonta da neman abinci da bakinta tun farkon allurar. Ƙawata ta ruga kicin ba ko takalmi.

Ciwon bayan Baba kuwa ya saki, a hankali. Habboba ta ce hayaƙinta ne. Baba ya ce bulon da ya sa ya ɗaga teburinsa ne, da tafiyar da yake yi zuwa kasuwa. A kasuwa dai an daɗe ana kiransa amarya, kuma ya ce cinikinsa bai taɓa kyau kamar na lokacin ba, don mutane na zuwa su shinshina su sayi tsire.

Sanyi ya wuce Inna ba ta yi mura ba. Sau ɗaya jikinta ya yi zafi muka garzaya da ita, aka riƙe ta kwana kaɗan aka sallame ta. Zafi ya fara dawowa lokacin da aka gama allurar, bayan wasu makonni kuma likita ta duba jininta ta ce ya farfaɗo, ta ci abin da take so, ta shiga mutane.

Ranar muna dawowa a tasi, ni da ita da ƙawata, muna sauka daga gada ta dafa kafaɗar direba ta ce ya bi ta bakin kogi, inda ake soya kifi. Ƙawata ta ce, "Inna, ana jiranmu a gida." Ta ce su jira. Muka zauna a kan benci a ƙarƙashin rumfa, aka kawo kifi zafi-zafi a faranti, da lemon tsami da barkono. Ta naɗe hannun riga ta fara ci, tana zare ƙaya tana ajiyewa a gefe, mai na bin yatsunta. Ta cinye nata, ta jawo nawa. Direban tasi ya gaji da jira ya zo ya tsaya a kanmu, ta matsa masa a benci ta ce ya zauna, ta ɗaga hannu ta kira mai suya ta ce ya ƙaro, manya, kuma ya bar musu kawunansu.